Weeb Ewbank

Wilbur Charles Ewbank, wanda aka fi sani da Weeb Ewbank (6 ga Mayu, 1907 – 17 ga Nuwamba, 1998), ɗan ƙasar Amurka ne kuma mai horar da 'yan wasan ƙwallon ƙafa irin ta Amurka. Ya horar da ƙungiyar Colts ta birnin Baltimore daga 1954 zuwa 1962, sannan ƙungiyar Jets ta birnin Niyok daga 1963 zuwa 1973. Ya ci kofin gasar NFL sau biyu tare da Colts, a 1958 da 1959. Ya kuma ci kofin gasar AFL na kakar 1968 tare da Jets, nasarar da ta kai shi ga lashe Super Bowl karo na uku a watan Janairun 1969. Shi kaɗai ne kocin da ya taɓa ɗaukar kofi a waɗannan gasanni biyu.

An fi tunawa da shi saboda renon matasa biyu da suka zama gwanaye a matsayin kwatabak, wato Johnny Unitas da Joe Namath. Dukansu sun shigo hannunsa suna sababbin shiga, sun kuma tafka kurakuran da suka jawo wa ƙungiyoyinsu shan kashi, amma bai sauya su da wasu ba. A Baltimore da Niyok duka, sai da ya yi kaka uku a jere wasannin da aka doke shi sun fi waɗanda ya ci yawa. Kofi ya zo masa a shekararsa ta biyar a Baltimore, a Niyok kuma a ta shida.

Rayuwar farko da karatu

An haifi Ewbank a garin Richmond da ke jihar Indiana. Mahaifinsa mai kantin kayan masarufi ne. Laƙabin Weeb ya samo asali ne daga ƙanensa, wanda harshensa bai iya furta sunan Wilbur daidai ba lokacin yana ƙarami, sai sunan ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Ya yi sakandare a makarantar Morton da ke garin nasu, inda ya buga ƙwallon Amurka da ƙwallon kwando da kuma besbol. A shekarar 1926 ya auri Lucy Massey.

Daga nan ya shiga Jami'ar Miami da ke garin Oxford a jihar Ohio, wadda ba ta da alaƙa da birnin Miami na jihar Florida. Duk da cewa gajere ne marar nauyi, ya buga wa jami'ar wasa a matsayin kwatabak a ƙarƙashin koci Chester Pittser, ya kuma zama kyaftin ɗin tawagar besbol. A can ne ya haɗu da Paul Brown, wani ɗalibi da ya sauyo makaranta daga Jami'ar Jihar Ohio, wanda shi ma kwatabak ne. Wannan sanayya ta yi tasiri a aikin Ewbank daga baya. Ya kammala karatu a 1928.

Koyarwa a makarantu da aikin soja

Aikinsa na farko shi ne horar da ɗaliban sakandaren garin Van Wert a jihar Ohio. A 1930 ya koma Oxford, ya karɓi aikin horarwa a makarantar McGuffey, sakandaren da ke ƙarƙashin kulawar Jami'ar Miami, inda ya zauna har zuwa 1943. Shekarun nan fiye da goma ya yi su ne yana koya wa yara matasa tushen wasan tun daga farko: yadda ake tsayuwa, yadda ake riƙe ƙwallo, da yadda ake tare abokin hamayya.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya shiga rundunar sojan ruwan Amurka a 1943. An tura shi sansanin horarwa na Great Lakes da ke arewa da birnin Chicago, inda ya zama mataimakin Paul Brown a tawagar ƙwallon sansanin. Bayan yaƙi ya yi shekara guda, 1946, a Jami'ar Brown a matsayin mataimakin koci Rip Engle. Sannan ya zama babban koci a Jami'ar Washinton da ke birnin St. Louis a 1947 da 1948, inda ya ci wasa 14 aka doke shi a 4.

A 1949 Paul Brown ya kira shi ƙungiyar ƙwararru ta Cleveland Browns. Ewbank ya yi tsammanin za a ba shi masu buga kwatabak, tunda matsayin da ya sani ke nan, amma sai aka ɗora shi a kan ƙartin 'yan sahun gaba irin su Lou Groza da Lou Rymkus, waɗanda aikinsu shi ne kare mai jifa. Browns ta ci kofin gasar AAFC a 1949 da na NFL a 1950, ta kuma kai wasan ƙarshe a 1951, 1952 da 1953. A shekarun nan biyar Ewbank ya ga yadda Otto Graham, fitaccen kwatabak ɗin ƙungiyar, yake gudanar da wasa. Ya kuma koyi tsarin Brown na rubuta dabaru a kundi, da nazarin fina-finan wasanni, da auna ƙoƙarin kowane ɗan wasa ɗaya bayan ɗaya. Ya yi aiki a sashen tantance 'yan wasan jami'o'in da ƙungiyar za ta ɗauka.

Matsayin kwatabak

Kowace tawaga a ƙwallon Amurka tana da 'yan wasa 11 a fili. Tawagar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta ci gaba da yadi 10, ko ta hanyar gudu da ƙwallon a hannu, ko ta hanyar jefa ta gaba. Idan ta kai ƙwallon ƙarshen filin abokan hamayya, ta ci tacdawun, wanda ke da maki shida. Idan kuma ta buga ƙwallon da ƙafa ta bi tsakanin sandunan raga, ta samu maki uku. Ana raba wasan zango huɗu, kowanne minti 15.

Kwatabak shi ne jagoran ɓangaren kai hari. Shi ke karɓar ƙwallo a farkon kusan kowane yunƙuri, shi ke sanar da abokan wasansa dabarar da za a bi, shi kuma ke yanke shawarar wanda zai jefa wa cikin 'yan daƙiƙu kaɗan yayin da masu tsaron ɗaya ɓangaren ke rugowa kansa. Babban kuskuren da zai iya yi shi ne ya jefa ƙwallon abokin hamayya ya ƙwace ta a sama, domin hakan na mayar da wasan hannun ɗaya tawagar nan take, wani lokaci ma har ya zama maki a gare su.

Matashin da ya fito daga jami'a yakan tarar da masu tsaron da suka fi waɗanda ya saba da su sauri da wayo, da kundin dabaru mai kauri, da kuma abokan wasan da suka girme shi waɗanda dole su bi umarninsa. Yawancin abin da yake buƙata, kamar karanta tsarin tsaron abokan hamayya da sanin lokacin da ya kamata ya haƙura da jifa, a cikin wasa ake koyonsa. Saboda haka koci yana da zaɓi biyu masu wuya. Idan ya bar yaron a fili, zai yi ta rasa wasanni har aikinsa ya shiga haɗari. Idan kuma ya ajiye shi a benci, yaron ba zai goge ba. A sau biyun da Ewbank ya fuskanci wannan zaɓi da matashi mai baiwa, barinsa ya yi a fili.

Baltimore Colts

Mai ƙungiyar Colts, Carroll Rosenbloom, ya ɗauki Ewbank a matsayin babban koci a farkon 1954. Ƙungiyar ba ta daɗe da kafuwa ba, kuma tana cikin na baya a gasar. Ewbank ya shaida wa mai ƙungiyar cewa ginin zai ɗauki shekara biyar. A kakarsa ta farko ya ci wasa 3 aka doke shi a 9. A 1955 ya ci 5, aka doke shi a 6, aka yi canjaras a 1.

A wannan tsakani yana ta tara mutane ta hanyar zaɓen 'yan wasa da ƙungiyoyi ke yi kowace shekara daga cikin ɗaliban jami'o'i. An zaɓi Raymond Berry, mai karɓar jifa, a zagaye na 20 na zaɓen 1954. Alan Ameche ya zo a 1955, Lenny Moore a 1956, sai Jim Parker a 1957, wanda aka ba aikin kare bayan mai jifa. A ɓangaren tsaro kuma akwai Gino Marchetti da Art Donovan. Kwatabak ɗin da ƙungiyar ta sa rai a kansa shi ne George Shaw na Jami'ar Oregon, wanda ta ɗauka a matsayin zaɓi na farko a duk gasar a 1955.

Zuwan Johnny Unitas

Johnny Unitas ɗan birnin Pittsburgh ne, an haife shi a 1933, ya kuma yi wasa a Jami'ar Louisville. Ƙungiyar Pittsburgh Steelers ta zaɓe shi a zagaye na tara a 1955, amma ta sallame shi kafin a fara kaka ba tare da ta gwada shi ko da a wasan share fage ba. Ya koma aikin leburanci a wuraren gini, yana kuma buga wa wata ƙaramar ƙungiyar unguwa, Bloomfield Rams, wasa a kan dala 6 kowane wasa. A 1956 Colts ta gayyace shi gwaji, Ewbank ya amince a ɗauke shi a matsayin mai jiran gadon Shaw, a kan dala 7,000.

A wasa na huɗu na kakar 1956, da ƙungiyar Chicago Bears, Shaw ya ji mummunan rauni a ƙafa, aka sako Unitas. Jifansa na farko a wasan ya faɗa hannun J.C. Caroline na Bears, wanda ya ruga da ƙwallon har ya ci tacdawun. A yunƙuri na gaba kuma ƙwallon ta suɓuce yayin miƙa ta, Bears ta sake ƙwacewa. An lallasa Colts da ci 58 da 27. Duk da haka Ewbank ya ci gaba da sa shi. A wasanni biyun da suka biyo baya Colts ta doke Green Bay da Cleveland. Kakar ta ƙare da nasara 5 da rashin nasara 7, kuma ana ta raɗe-raɗin za a kori kocin. A wasan ƙarshe Colts ta doke Washinton da ci 19 da 17 ta hanyar wani dogon jifa da Unitas ya yi wa Jim Mutscheller dab da tashi, nasarar da marubuta tarihin ƙungiyar da dama ke cewa ita ta ceci aikin Ewbank.

Da Shaw ya warke, bai koma matsayinsa ba. Ewbank ya miƙa ragamar ga Unitas, ya kuma saɓa wa maigidansa Paul Brown a wani muhimmin abu. Brown yakan aika da umarnin kowane yunƙuri daga gefen fili ta bakin 'yan wasan da ke shiga da fita. Ewbank kuwa yakan tsara shirin wasa tare da kwatabak ɗinsa a cikin mako, ranar wasa kuma ya bar masa zaɓin dabaru a fili. Unitas da Berry sun riƙa tsayawa bayan an tashi daga atisaye suna maimaita jifa da cafewa har suka san motsin juna. A 1957 Unitas ya fi kowa a gasar nisan jifa, da yadi 2,550, da kuma yawan jifan tacdawun, guda 24. Colts ta ci wasa 7 aka doke ta a 5, karo na farko ke nan da nasarorinta suka rinjaya. Daga watan Disamban 1956 zuwa Disamban 1960, Unitas ya yi jifan tacdawun a wasa 47 a jere, tarihin da ya tsaya har Drew Brees ya karya shi a 2012.

Kofunan 1958 da 1959

A 1958, shekara ta biyar da Ewbank ya ambata, Colts ta ci wasa 9 cikin 12, duk da cewa Unitas ya karye a haƙarƙari ya rasa wasa biyu, inda Shaw ya riƙe masa wuri. An buga wasan ƙarshe ranar 28 ga Disamba, 1958, a filin Yankee da ke Niyok, da ƙungiyar Giants. Saura kusan minti biyu a tashi, Giants na gaba da ci 17 da 14, ƙwallo kuma na hannun Colts can kusa da ƙarshen filinta. Unitas ya jefa wa Berry sau uku a jere, suka ci yadi 62, sannan Steve Myhra ya buga ƙwallon maki uku saura daƙiƙa bakwai, aka yi kunnen doki. Wannan ne wasan ƙarshe na farko a tarihin NFL da aka tafi ƙarin lokaci. A cikinsa Unitas ya ja tawagar tsawon yadi 80, Ameche ya kammala da tacdawun, Colts ta yi nasara da ci 23 da 17. Unitas ya yi jifan yadi 349, Berry ya cafe 12 daga ciki. An ƙiyasta cewa mutum miliyan 45 ne suka kalli wasan a talabijin, kuma ana danganta bunƙasar farin jinin gasar a Amurka da shi.

A 1959 Colts ta sake cin wasa 9, Unitas ya yi jifan tacdawun 32, aka kuma zaɓe shi gwarzon ɗan wasan gasar. Ƙungiyar ta sake doke Giants a wasan ƙarshe, wannan karon a Baltimore, da ci 31 da 16.

Bayan haka al'amura suka ja baya. A 1960 Colts ta fara da nasara 6 cikin wasa 8, sai ta sha kashi a huɗun ƙarshe. Raunuka da tsufan wasu manyan 'yan wasa sun rage mata ƙarfi. Ta ci 8 cikin 14 a 1961, ta ci 7 a 1962. A farkon 1963 Rosenbloom ya sallami Ewbank, ya naɗa Don Shula mai shekara 33, wanda tsohon ɗan wasan Ewbank ne a Colts.

Jets ta Niyok

Gasar AFL ta fara ne a 1960 a matsayin kishiyar NFL. Ƙungiyarta ta Niyok, mai suna Titans, ta karye ta fuskar kuɗi, sai wasu attajirai ƙarƙashin jagorancin Sonny Werblin suka saye ta a 1963 a kan dala miliyan ɗaya, suka sauya mata suna zuwa Jets. A watan Afrilun shekarar suka naɗa Ewbank koci kuma babban manaja, abin da ya ba shi ikon zaɓen 'yan wasa da kansa. Sakamakon kakarsa uku na farko iri ɗaya ne sak: nasara 5, rashin nasara 8, canjaras 1. Ya tarar da Don Maynard, mai karɓar jifa, a ƙungiyar. Ya ƙara da Winston Hill, Gerry Philbin, Matt Snell, George Sauer da Emerson Boozer.

Renon Joe Namath

Halin da Joe Namath ya zo a ciki ya sha bamban da na Unitas. Shi fitacce ne tun yana Jami'ar Alabama a ƙarƙashin koci Bear Bryant, kuma gasannin biyu sun yi ta zawarcinsa. Ranar 2 ga Janairu, 1965, ya rattaba hannu a kwantiragi da Jets na dala 427,000, kuɗin da ba a taɓa ba sabon ɗan wasa ba a lokacin. Amma ya zo da raunin gwiwa, kuma a watan ne aka yi masa tiyata. Ƙungiyar ta kuma ɗauki John Huarte na Jami'ar Notre Dame, wanda ya ci kyautar Heisman, don haka akwai gogayya a kan matsayin.

Werblin da 'yan jarida da magoya baya sun ƙagu su ga Namath a fili. Ewbank kuwa ya fara kakar 1965 da Mike Taliaferro, ya riƙa raba lokacin wasa tsakaninsu. Jets ba ta ci ko ɗaya cikin wasa shidan farko ba. Da ragamar ta koma hannun Namath, ta ci biyar cikin takwas na ƙarshe, aka kuma zaɓe shi gwarzon sababbin 'yan wasan AFL.

Namath yana da ƙarfin hannu da saurin sakin ƙwallo, amma yana yawan kasada. A 1966 ya yi jifan tacdawun 19, aka ƙwace masa 27. A 1967 ya zama ɗan wasa na farko a tarihin ƙwararru da ya haura yadi 4,000 a kaka guda, da yadi 4,007 cikin wasa 14, amma an ƙwace masa jifa 28, kuma Jets ta rasa gurbin wasan ƙarshe bayan ta sha kashi a wasanni uku a jere a watan Disamba. Rayuwarsa ta dare a Niyok da kusancinsa da Werblin su ma sun sa ladabtar da shi ya yi wa kocin wuya. A 1968 sauran masu hannun jari suka saye kason Werblin, Ewbank kuma ya kawo gogaggen kwatabak Babe Parilli daga Boston don ya zama mai jiran gado.

Farkon kakar 1968 ya zo da irin matsalar da aka saba. An ƙwace wa Namath jifa biyar a wasa da Buffalo, uku daga ciki suka zama tacdawun, Jets ta sha kashi da ci 37 da 35 a hannun ƙungiyar da ba ta ci wani wasa ba a duk kakar. Mako biyu bayan haka aka sake ƙwace masa biyar a wasa da Denver. Ewbank da mataimakansa ba su ajiye shi ba. Sun nuna masa cewa ɓangaren tsaron Jets na cikin mafi ƙarfi a gasar, saboda haka babu dalilin tilasta jifa. Daga nan ya fi dogara ga masu gudu da ƙwallo da kuma ƙafar Jim Turner, wanda ya ci bugun maki uku sau 34 a kakar. Namath ya yi wasa shida a jere bai yi jifan tacdawun ko ɗaya ba, amma Jets ta ci biyar daga cikinsu. Bayan wasan Denver, sau ɗaya kawai aka sake doke ta, a birnin Oakland ranar 17 ga Nuwamba, wasan da gidan talabijin na NBC ya katse nunawa dab da ƙarshe don ya sa fim ɗin yara mai suna Heidi. Ta gama da nasara 11 cikin 14, ta kuma rama a kan Oakland Raiders a wasan ƙarshe na AFL da ci 27 da 23. An zaɓi Namath gwarzon ɗan wasan gasar.

Super Bowl karo na uku

An buga wasan ranar 12 ga Janairu, 1969, a filin Orange Bowl da ke birnin Miami na jihar Florida. Abokiyar karawar ita ce Colts, ƙungiyar da ta kori Ewbank, ƙarƙashin Shula. Colts ta ci wasa 13 cikin 14 a kakar, kuma masu hasashe sun ba ta fifikon maki 18. Wakiliyar NFL, Green Bay, ita ta lashe Super Bowl biyun farko da tazara mai yawa, don haka mutane da dama na ganin AFL ƙaramar gasa ce. Kwana uku kafin wasan Namath ya yi alkawari a bainar jama'a cewa Jets za ta yi nasara, abin da bai yi wa Ewbank daɗi ba, domin ya fi so Colts ta ci gaba da raina su.

A filin wasa Namath ya riƙa zaɓen dabaru da kansa bayan ya duba yadda masu tsaron Colts suka jeru. Ya yi jifa 28, aka cafe 17, jimillar yadi 206. Bai yi jifan tacdawun ba, ba a kuma ƙwace masa ko ɗaya ba. A zango na huɗu bai jefa ƙwallo ko sau ɗaya ba. Snell ya yi gudun yadi 121 ya ci tacdawun, Turner ya ci bugun maki uku sau uku. A ɗaya ɓangaren an ƙwace wa Earl Morrall jifa uku, sai aka sako Unitas, wanda ke fama da ciwon hannu tun farkon kaka. Shi ya ja Colts ga tacdawun ɗinta tilo, amma lokaci ya ƙure. Jets ta yi nasara da ci 16 da 7, aka ba Namath kyautar gwarzon wasan. Nasarar ta ɗaga darajar AFL kafin haɗewarta da NFL a 1970.

Shekarun ƙarshe a bakin aiki

A 1969 Jets ta ci wasa 10, amma Kansas City Chiefs ta fitar da ita da ci 13 da 6. Daga nan raunuka suka addabi Namath: karaya a wuyan hannu a 1970, gwiwa a 1971, kafaɗa a 1973. Ƙungiyar ba ta ƙara yin kakar da nasarorinta suka rinjaya ba a zamanin Ewbank. Ranar 24 ga Satumba, 1972, almajiransa biyu suka kara a Baltimore. Namath ya yi jifan yadi 496 da tacdawun shida, Unitas ya yi na yadi 376, Jets ta ci 44 da 34. Ewbank ya ajiye aikin horarwa a ƙarshen kakar 1973, surukinsa Charley Winner ya gaje shi.

Salon horarwa da yadda ake kallonsa

An san Ewbank da sauƙin kai da yawan tsari. Malamin aji ne fiye da mai tsawa a bakin fili, kuma ya fi ba da ƙarfi ga maimaita tushen wasa da nazarin fim. A ƙungiyoyin biyu ya bi hanya ɗaya: ya gina sahun da zai kare mai jifa, ya samo masa masu cafewa da za su daɗe tare da shi, ya ƙarfafa ɓangaren tsaro, sannan ya bar masa ikon yanke shawara a fili tare da ɗaukar nauyin kurakuransa. Unitas ya kai ga kofi a kakarsa ta uku, Namath a ta huɗu.

Jimillar sakamakonsa a wasannin kaka cikin shekara 20 ita ce nasara 130, rashin nasara 129, canjaras 7. A wasannin neman kofi kuma ya ci 4 cikin 5. Masu sukarsa suna nuni da wannan alƙalami, suna cewa ya yi sa'ar samun gwanaye biyu ne, kuma sassaucinsa ya sa wasu 'yan wasa suka daina jin tsoronsa. Masu kare shi suna cewa yawancin wasannin da ya rasa sun faɗo ne a shekarun gini da kuma lokutan da Namath ke jinya, kuma Unitas ya taɓa shiga hannun wata ƙungiya ta sallame shi ba tare da ta gane abin da ke gare shi ba.

Iyali, mutuwa da karramawa

Ewbank da matarsa Lucy sun haifi 'ya'ya mata uku, sun kuma yi shekara 72 tare. Bayan ritaya ya koma garin Oxford da zama. An shigar da shi zauren karrama gwanayen ƙwallon Amurka da ke garin Canton a jihar Ohio a 1978. Unitas ya biyo baya a 1979, Namath a 1985. Yana cikin fitattun masu horarwa da suka fito daga Jami'ar Miami, tare da Paul Brown da wasu, waɗanda suka sa jami'ar ta yi suna wajen yaye kociyoyi. Ya rasu a Oxford ranar 17 ga Nuwamba, 1998, yana da shekara 91, shekara 30 cif bayan wasan Oakland da aka katse a talabijin.